Yadda zaka haɗa na'urar saita bust a mota mai turbo, ba tare da ka buga injinka ba

Jama'a assalamu alaikum. Tun da na saka wagga na'ura a motata samari ke tare ni suna tambaya, wasu har gareji suke biyo ni, shi yasa nace bari in rubuta a wuri ɗaya. Maganar na'urar lantarki ce mai saita ƙarfin iskar da turbo ke turawa cikin inji, wato bust, irin su GReddy Profec, HKS EVC, Apexi AVC-R ko Turbosmart e-Boost2. Kowacce da fasalinta amma aikin nasu guda ne.

Fara sanin mi take yi tukuna. Hayaƙin salansa ne ke juya turbo, to akwai wata ƴar ƙofa da ake kira wesget, in iska ta kai wani ƙarfi sai ta tura sifirin da ke riƙe da ƙofar ta buɗe, hayaƙi ya kauce ma turbo, bust ya tsaya nan. Abinda na'urar ke yi kawai shine ta hana wesget jin iskar gaba ɗaya ta hanyar wani ɗan bawul na lantarki, solonoyid, sai ƙofar ta yi jinkirin buɗewa bust ya ƙaru. Kaga kenan ƙarawa take yi, bata iya rage bust ƙasa da ƙarfin sifirin, in sifirinka na psi 7 ne (psi ma'aunin ƙarfin iska ne) to 7 ɗin nan shine ƙasanka, kuma a al'ada in ka nemi fiye da ninki biyu na sifirin riƙon ya kan fara gagararta. Akwai kuma wani ma'aunin da ake kira bar, bar 1 daidai yake da psi 14.5, riƙe wanga lissafi don wasu na'urorin bar suke nunawa wasu psi.

Kafin ka kashe kuɗɗinka dan Allah ka duba motar. In sabuwar shiga ce mai wesget na lantarki wanda babu tiyon iska a jikinsa, wagga na'ura bata yi maka, sai dai a taɓa biren bokis, wato kwamfutar motar. Motocin Volkswagen da Audi masu injin 1.8T su kuma suna da nasu bawul N75 wanda biren bokis ke juyawa, in ka ture shi ka saka naka motar na iya ganin bust ya wuce abinda take tsammani ta rage ma kanta ƙarfi. Sannan injin da ke shan baƙin mai, ko lagireto na tafasa, ko famfon mai ya gaji, gyara su tukun, canza fulogi da filtar iska, kasan ƙurar garin nan.

Mataki na 1, gano inda kake. Tun baka taɓa komi ba ka saka gejin bust ka hau motar ka rubuta iyakar da take kaiwa. In da hali ka saka gejin da ke auna cakuɗar iska da mai a salansa, mai faɗin awo. Fetur na ƙonewa daidai a iska 14.7 mai 1, amma lokacin bust ana son mai ya yi yawa, wato iska ta sauko wajen 11.5 zuwa 12 mai 1, man ne ke sanyaya kan fistin. Ni a ganina wanda bashi da wanga geji ya haƙura da ƙarin psi 1 ko 2 kawai.

Mataki na 2, solonoyid da tiyo, nan ne aikin yake kuma nan mutane ke ɓata komi. Cire kan batir. Nemi wuri kusa da turbo don tiyo su zama gajeru, amma nesa da manifol na salansa, wato bututun da ke kwaso hayaƙi daga inji, zafin wurin narka roba yake yi, balle a Sakkwato da rana ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Solonoyid mai baki 3 a wesget na cikin turbo: baki ɗaya na ɗauko iska daga bakin turbo inda iska ke fita, na biyu na tafiya ga kwanon sifirin wesget, na ukun a barshi ya shaƙata ko a maida shi bututun shigar iska bayan filta. Lambobin bakunan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani don haka ka bi takardar da tazo cikin kwali, sannan ka gwada da bakinka: ba tare da wuta ba ka hura ta bakin da zai je turbo, dole iskar ta fito ta bakin da zai je wesget. Hikimar ita ce in waya ta tsinke ko fis ya ƙone motar ta koma kan ƙarfin sifirin salin alin. In ka haɗa a juye, ranar da wuta ta ɗauke wesget ba zai buɗe ba sam.

Kuma kowane bakin tiyo ka ɗaure shi da kilif, kar kace ai ya shiga da ƙarfi. Ni ya taɓa faruwa da ni, yaron da ya taya ni aikin ya bar ɗaya ba ɗauri, ina kan hanyar Bodinga tiyon wesget ya fice allurar geji ta harba sama, Allah ya taimake ni idona na kai na ɗaga ƙafa nan take. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake yi don daƙiƙu kaɗan sun isa su fasa fistin. Sayi tiyon silikon, na roban banza tsagewa yake cikin zafin nan.

Mataki na 3, tiyon awo da wayarin. Tiyon da na'urar ke auna bust da shi daga manifol na shigar iska zaka ɗauko, bayan bakin totur, ka ratsa da shi ta robar bangon da ke tsakanin inji da cikin mota kar ya lanƙwashe. Wuta kuma daga wayar da ke kawowa sai an murɗa makulli, da fis ɗinta, wayar at kuma a jikin ƙarfen mota mai tsabta. In baka saba ba kai ma mai wayarin, aikin minti kaɗan ne a wurinsa.

Mataki na 4, iyaka kafin komi. Tun baka tada mota ba ka shiga inda ake saita gargaɗi da yanke bust ka saka shi psi 1 ko 2 sama da inda kake nufin tsayawa. Sai ka maida diyuti (yawan lokacin da solonoyid ke aiki, shi ke ƙara bust) da gen (ƙarfin da na'urar ke gyara bust da shi in ya kauce) sifili ka fita gwaji, dole ka ga ƙarfin sifirin kawai, wanda zai iya zama ƙasa da na Mataki na 1 in motar da can tana da nata bawul. In allura ta ci gaba da hawa to tiyo ne a juye ko yana yoyo, koma ka duba.

Mataki na 5, ƙari da sannu. In zaka samu injin gwajin mota na daino shine yafi. In kan titi ne to ba cikin gari ba wallahi, ba wajen Kara ko Ahmadu Bello Way cikin ƴan kabu-kabu da Keke ba, nemi miƙaƙƙen titi da babu mutane da dabbobi, ku biyu, kai tuƙi ɗan'uwanka kallon geji. Giya ta 3, daga wajen 2500 a gejin juyin inji ka taka totur har ƙasa. Ƙara diyuti kashi 3 zuwa 5 cikin 100, sake gwadawa, rubuta, haka haka har ka kai inda kake so. Ka kashe rediyo ka saurara, in kaji ƙara awa tsakuwa cikin gwangwani, ko gejin cakuɗar iska da mai ya haura 12.5, ɗaga ƙafa ka rage, inji ne ke kuka.

Bayan diyuti ya zauna sai gen. In bust na kaiwa sannan ya zube sa'adda inji ya yi sama, ƙara gen kaɗan kaɗan, in allura ta fara rawa gaba da baya ka wuce, dawo baya. Akwai kuma saitin da ke riƙe wesget rufe har sai bust ya kusa kaiwa don turbo ya tashi da wuri, barshi wajen psi 3 ko 4 ƙasa da inda ka nufa, in ka matsar da shi kusa sosai allura zata riƙa tsallake iyaka kafin ta dawo.

Abinda nake roƙonku shine kar ku kwafo lambar wani Bature daga intanet. Shi yana shan fetur mai oktan 95 ko 98 a Ingila ko Jamus cikin sanyi, namu bai kai haka ba, ga intakula, mai sanyaya iskar turbo, na shaƙar iska mai zafi awa ta bakin murhu. Yi saitinka da rana tsaka don lokacin ne inji yafi saurin kuka, ka ajiye saiti biyu, ƙarami na yau da kullum da babba na lokaci lokaci. In hunturu ya shigo wajen Disamba da Janairu ka sake fita gwaji da sassafe, iska mai sanyi tafi nauyi, diyutin da ya baka psi 10 a bazara na iya baka fiye da haka, in ka ga ya haura rage shi kashi 2 ko 3. Bayan sati ɗaya da haɗawa kuma ka buɗe bonet in inji ya huce ka jijjiga kowane tiyo da hannunka, wanda ya yi laushi ko ya fara tsagewa canza shi ranar.