Darasi na 6: Wayoyin Filogi da Saitin Wuta a Tsohuwar Fijo 504

Idan kun murza makulli, injin ya juya amma ya ƙi tashi, ku fara duba wuta kafin ku zargi kafireta. Wutar tana fitowa daga batir zuwa kwayil, daga kwayil ta bi waya mai kauri ta shiga tsakiyar murfin distiributa, sannan rota da ke juyawa a ciki ta raba ta ga filogi huɗu. A Fijo 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, filogin ba sa karɓar wuta a jere. Tsarinsu shi ne 1, 3, 4, 2.

To, ga inda yawancinku kuke tuntuɓe. Ku kashe makulli tukuna. Kada ku cire wayoyin filogi gaba ɗaya. Ku ciri ɗaya, ku naɗa mata salatif, ku rubuta lambarta a kai, ku duba ko bakinta ya yi tsatsa ko robarta ta tsage, ku mayar da ita raminta har sai kun ji ta zauna, sannan ku taɓa ta biyu. Ɗaya ta fita, ɗaya ta koma. Wanda hannunsa bai saba da biro ba, kada ya ji kunya, ya ja layi ɗaya a wayar farko, layi biyu a ta biyu, haka har ta huɗu. Ya wadatar.

Amma abin takaici ne, bayan duk wannan bayani, a ga dattijo ya tumɓuke wayoyi huɗu a hannu ɗaya kamar mai cirar albasa, yana cewa zai tuna. Ba zai tuna ba. Waya biyu kawai suka sauya rami, injin zai yi ta rawa yana harbi ta salansa. Ɗaya bayan ɗaya, jama'a, kuma da lamba.

Darasi na 7: Kontak

Ku buɗe murfin distiributa, ku juya injin har kontak, wato ƙananan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa a cikin distiributa, ya buɗe iyakar buɗewarsa. Tazarar bakinsa ta zama milimita 0.4. Idan bakin ya ƙone, ku sauya shi tare da kondansa, wato ɗan gwangwanin da ke haɗe da shi ta waya.

Darasi na 8: Taimin

Taimin shi ne saita lokacin da wuta ke isa filogi. Ku yi alama da alli a gindin distiributa kafin ku sassauta notinta, sannan ku juya ta kaɗan kaɗan. Idan injin yana ƙwanƙwasa a hawan tudu, wuta ta yi gaba da yawa. Idan ya yi nauyi yana zafi, ta yi baya. Wanda ya rikice ya mayar da ita kan alamar alli.