Daɗin Labari da Gaskiyarsa: Inda Aka Fi Yin Tuntuɓe

A 1984 Walter Fisher, wani malamin ilimin sadarwa ɗan Amurka, ya ce da labari ɗan Adam yake auna gaskiya. Tambaya biyu muke yi a zuci, in ji shi: zancen ya haɗu, farkonsa bai ƙaryata ƙarshensa ba? Kuma ya yi kama da rayuwar da muka sani? Ma'aunin yana da amfani, sai dai gwanin maƙaryaci ya fi mai gaskiya iya cika shi. Shi ya zauna ya tsara nasa. Mai gaskiya kuwa abin da ya gani yake kawowa, da giɓinsa da "ban tuna ba".

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne ɗaukar tsarin labari a matsayin hujja. A 1988, a wani gwaji, masu bincike Nancy Pennington da Reid Hastie sun sa mutane su saurari wata shari'ar kisan kai su yanke hukunci. Shaidu iri ɗaya kowa ya ji, jerin kawai aka sauya. Da aka jera hujjojin mai ƙara daki-daki kamar labari, na wanda ake tuhuma kuma a warwatse, kashi 78 cikin ɗari suka ce ya aikata. Da aka juya, kashi 31 kacal. Ka duba fa, ran mutum ya rataya a kan wanda ya fi iya jera zance. Gyaran yana da ɗan wahala, amma yana yiwuwa: idan ɓangare ɗaya ya zo da labari sumul, kai da kanka ka zauna ka jera na ɗaya ɓangaren, daga farko zuwa ƙarshe, kafin ka kwatanta. Sannan ka tsinka labarin gunduwa-gunduwa, ka ware abin da aka gani da ido daga abin da mai magana ya cike da "ai shi ya sa". A waɗannan mahaɗan shaci-faɗi yake ɓuya.

Yawan bayani ma yana ruɗinmu. Mai cewa abin ya faru ranar Talata da yamma, motar ja ce, ya fi shiga rai fiye da mai cewa "wata rana". Alhali ƙara gishiri ba ya cin kuɗi. Amfanin bayani ɗaya ne, wato ya ba ka abin da za ka je ka bincika. Wanda ba ya bincikuwa, ado ne.

Sai batun ganau. An ce gani ya kori ji, na yarda, amma ƙwaƙwalwa ba kyamara ba ce. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun da motocin suke yi lokacin da suka "bugi juna", wasu kuma lokacin da suka "ragargaje". Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 da suka ji kalmar ragargajewa, 16 suka ce sun gani, a ɗaya rukunin kuwa 7. Babu gilashi ko ɗaya a fim ɗin. Ba ƙarya suka shirya ba, kalma guda ce ta gyara musu abin da suke tunawa. Don haka in za ka tambayi ganau, ka ce masa "me ka gani?" ka yi shiru. Kada ka sa masa magana a baki, kada ka tambaye shi a gaban wani ganau, kuma ka fi riƙe abin da ya faɗa tun da zafinsa.

"Kowa ma faɗa yake yi" ita ce hujjar da na fi tsana. Tun 1977 bincike ya nuna cewa maimaita magana kaɗai yana sa ta ƙara kama da gaskiya a kunne. Wani nazari na 2018 a kan labarai kusan 126,000 a Twitter ya gano cewa na ƙarya sun fi samun masu yaɗawa da kashi 70 cikin ɗari. Baki dubu na iya komawa ga baki ɗaya.

A nan malaman hadisi sun daɗe da yi mana nisa. Ba sa ƙirga masu faɗa sai sun duba isnadi: wa ya ji daga wa, kuma sun ma taɓa haɗuwa? Yawan hanyoyi yana ƙara ƙarfi ne idan kowace ta zo da ƙafarta. Sun kuma raba abu biyu da mu muke cakuɗawa, amanar mai ruwaya da ƙarfin riƙonsa. Mutum na iya zama salihi, bai taɓa ƙarya ba, a ajiye ruwayarsa saboda yana rikicewa. Saƙon da ɗan'uwanka ya turo maka a WhatsApp, amanarsa ba ta amsa komai ba tukuna. Ka tambaye shi wa ya turo masa, shi ma wancan wa ya turo masa. Sau da yawa a mutum na biyu sarƙar take tsinkewa.