Yadda Ake Hana Furannin Tukunya Yin Tsayi a Ɗakin Renon Shuka

Masu renon furannin da ke sake tohowa kowace shekara sun sha tambayar yadda za a hana su miƙewa fiye da kima. Ga matakan:

1. A ba tukwanen tazara, domin shukar da ta rasa haske miƙewa take yi.
2. A tsinke kan tsiron bayan saiwa ta kama, don ya yi rassa.
3. A rage takin fosfaras.
4. A bar ƙasa ta ɗan bushe kafin ban ruwa.
5. A sanyaya ɗakin awa 2 zuwa 3 da asuba.
6. Idan tsayin bai tsaya ba, a fesa maganin rage tsayin shuka, kamar daminozide ko paclobutrazol, bisa umarnin takardarsa.

Gargaɗi: a nan ake yawan kuskure. Paclobutrazol yana da ƙarfi, idan ya yi yawa shukar tsumburewa take yi, fure ya makara, saboda haka a fara gwadawa a tukwane kaɗan.