Giyar L da 2 a mota otomatik: inda direbobi suka fi yin kuskure

Mafi yawan masu mota otomatik D da R da P kawai suka sani. Haruffa da lambobin da ke ƙasa da D, wato 3 ko D3, da 2, da L ko 1, sai motar ta tsufa a hannunsu ba su taɓa su ba. Wasu ma bakanike ne ya ce musu taɓa wurin yana kashe giyabos. Ba ya kashe shi. Abin da ke kashe giyabos, wani lokaci har da mutanen da ke cikin motar, shi ne sa waɗannan giyoyi ba a lokacin da ya dace ba, ko ƙin sa su a inda ake bukatarsu.

Sai an fara sanin aikinsu. Idan ka sa 2, ka hana motar wuce giya ta biyu ke nan. Idan ka sa L, ta tsaya a ta ɗaya. D3 irin na Honda yana hana ta wuce giya ta uku, maɓallin O/D da ke jikin sandar giyar tsofaffin Toyota kuma, in aka kashe shi, yana hana ta shiga giyar ƙarshe. Amfanin hakan biyu ne: ƙarfin ja wajen hawa, da riƙe mota da injin wajen gangara.

Gangarar ce babbar magana, kuma nan ne kuskuren da ya fi haɗari yake. Direba ya taso daga Jos zai yi Akwanga, mota cike da iyali da kaya, ya iso Hawan Kibo yana D, ya ɗora ƙafa a birki bai ɗaga ba. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar guga, guga kuma zafi take haifarwa. In aka daɗe ana takawa, sai ƙarfen ya yi zafin da birkin ba ya kamawa sosai. Man birki kuma, musamman wanda ya yi shekara da shekaru ba a canza ba ya sha danshi, yana iya tafasa. Alamar farko ita ce warin ƙauri. Ta biyu ita ce ka taka ka ji birkin ya yi laushi yana nutsewa. Daga nan sai abin da Allah ya yi. Gyaran kuwa mai sauƙi ne: tun kana sama, kafin hancin mota ya sunkuya, ka rage gudu ka sa 3 ko 2, gwargwadon tsananin gangarar. Injin zai riƙe motar, kai kuma ka riƙa taka birki da ɗan ƙarfi kana saki, don ya sami sararin hucewa. Haka ake yi a hanyar Gembu in ana saukowa daga tsaunin Mambila, inda kwana ke bin kwana.

Injin zai yi ƙara fiye da yadda ka saba. Kada wannan ya tsorata ka ka koma D. Dubi agogon juyin injin: muddin allurar tana nesa da jan layi, lafiya lau ne.

Sai kuskuren da ke biye da wannan, na wanda ya ji labarin riƙe mota da giya amma bai ji sharaɗin ba. Yana tafe da gudun kilomita 100, ya hango gangara ko rami, sai ya fizgo sanda zuwa L. Giya ta ɗaya ba a yi ta don wannan gudu ba. Sababbin motoci masu kwamfuta sukan ƙi karɓar umarnin, Toyota ma takan yi ɗan ƙarar gargaɗi ta bar ka a giyar da kake. Amma kada ka jingina da wannan, don tsohuwar mota tana iya karɓa, injin ya zarce jan layi, motar ta yi wata irin girgiza. In ƙasa ta jiƙe da ruwan sama, tayoyin da injin ke juyawa suna iya sulɓewa motar ta karkace. Ƙa'idar ita ce birki ya fara rage gudu, sannan giya ta biyo ta riƙe. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka sauko ɗaya bayan ɗaya: D zuwa 3, 3 zuwa 2. L kuwa ta tafiyar hawainiya ce, ba a zuwa mata sai mota ta kusa tsayawa. Iyakar gudun kowace giya yana cikin littafin motarka, kuma ya bambanta daga mota zuwa mota.

Ka tuna da na bayanka. Idan injin ne ke rage gudu, jar fitilar birki ba ta kamawa. In akwai tirela a bayanka, ka ɗan taɓa birki ya san kana ragewa.

Akwai wata ɗabi'a da na fi ƙi a kan duk waɗannan: sa mota a N a gangara wai don tsimin mai, abin da direbobi ke cewa an sa ta firi. Wanda ya yi haka ya raba injin da tayoyi, ya bar wa birki nauyin motar gaba ɗaya a daidai wurin da birkin ya fi bukatar taimako. Tsimin ma babu shi. Mota mai injekta, in tana gangara a cikin giya ƙafarka ba ta kan totur, kwamfutarta takan yanke mai ne, alhali a N dole ta ba injin mai don kada ya mutu. Ga haɗarin hannu kuma: a motoci da yawa R tana maƙwabtaka da N, maɓallin da ke kan sandar shi ne ke tsare ta. Wanda ya saba danna maɓallin nan duk lokacin da zai motsa sanda, wata rana zai zarce. Ka koyi inda motarka ke bukatar dannawa da inda ba ta bukata, tana tsaye a ƙofar gida, ba a kan titi ba.

Wajen hawa abin bai kai haka tsanani ba, domin in ka taka totur motar za ta sauko da giya da kanta. Sai dai in ka ji tana ta kai-komo, ta hau giya ta sauko, ta sake hawa, to ka kashe O/D ko ka sa 3 ta zauna wuri ɗaya. Wannan kai-komon yana zafafa man giya, kuma zafi ne babban abokin gaban giyabos. Haka nan in cunkoso ya tsayar da kai a kan tudu, birki za ka riƙe ta da shi, ba totur ba.

Yashi da taɓo su ma suna cin giyabos a damina da hanyoyin karkara. L tana taimakawa ka tafi a hankali da ƙarfi. Amma da zarar mota ta kafe, ƙara wuta ba ya fitar da ita, rami yake ƙara haƙawa. Masu girgiza ta gaba da baya kuma sukan buga R tayoyi na juyawa gaba, wannan kuwa duka ne kai tsaye ga cikin giyar. Ka bari tayoyi su tsaya cik kafin kowane canji. In an gwada kaɗan ba ta fita ba, a tone yashin, a sa katako ko reshe a ƙarƙashin taya, a nemi masu turi. A wasu motocin Honda, 2 tana tashin mota kai tsaye daga giya ta biyu, wanda ke rage sulɓin taya a ƙasa mai santsi.

Masu sababbin motoci da ke da S ko M da alamar + da − su lura: a Toyota da yawa, in allo ya nuna S4, ba yana nufin kana giya ta huɗu ba, yana nufin motar ba za ta wuce ta huɗu ba. A Prius kuwa B ce ke aikin riƙewa a gangara.

Da zarar hanya ta miƙe, ka mayar da sanda D. Mutane da dama sukan manta, su yi ta tafiya a 2, injin na kuka, mai na ƙonewa, sai allurar zafi ta fara hawa sannan su duba hannunsu.