Shawara ga mai son buga littafin waƙoƙi

Kada ka kai rubutunka maɗaba'a sai ka riga ka karɓi kuɗin masu saye a hannu.

Littafin rubutacciyar waƙa ba ya tafiya a kasuwa kamar na labari, kuma dillalai sun saba karɓar littafi bashi, su biya bayan sun sayar, idan ma sun sayar. Ni na taɓa buga kwafi 500, har yau rabinsu na cikin kwali a ƙarƙashin gado, gara ta fara cin bangonsu.

Ka rera baiti uku ko huɗu da muryarka, ka tura a WhatsApp tare da farashi da lambar asusu, domin Bahaushe da kunne yake fara son waƙa. Idan mutum sittin suka biya, ka buga ɗari, ragowar ka kai wajen ƙaddamarwa.

Dabarar ba ta aiki idan ba ka da masu sauraro tukuna. Haka kuma idan ka jinkirta bugu, farashin takarda zai iya tashi, ka ƙare da cika gibin daga aljihunka.