Kurakuran da aka fi yi wajen goge ragowar sinadari daga jikin piyano kafin sabon fenti

Yawancin fentin da ke lalacewa a jikin tsohuwar piyano tun kafin a buɗe gwangwanin banish yake lalacewa, domin katakon da ido ke gani tas yakan kasance ɗauke da ragowar sinadarin da aka kankare tsohon fenti da shi.

Kuskure mafi yawa shi ne ɗauka cewa da zarar sinadarin ya bushe to ya tafi. Magungunan kankare fenti da ke ɗauke da metilin kulorayid, waɗanda Amurka ta haramta sayar wa jama'a a 2019 saboda haɗarin shaƙarsu, ana zuba musu kaki irin na kyandir don kada su yi saurin bin iska. Sinadarin yana tashi, kakin kuwa yana nan kwance a cikin ƙananan ramukan katako, kuma shi ne yake hana sabon banish kamawa ko ya bar shi da danƙo na kwanaki. Masu gaggawa sukan bi da samfefa kai tsaye, sai su ƙara tura kakin ciki. Gyaran shi ne a wanke da tina, wato sinadarin tsinka fenti, sashe bayan sashe, a riƙa juya tsumma zuwa gefensa mai tsabta, a kuma canza shi da zarar ya yi datti, domin tsumma guda da aka bi dukan murfi da shi shimfiɗa kakin kawai yake yi. Kananzir ba ya maye gurbin tina a nan, saboda maiƙon da yake bari.

Idan kuwa maganin mai soda ne, irin sodar da ake haɗa sabulu da ita, wankinsa daban yake. Soda tana baƙanta katako irin mahogani, kuma tana ci gaba da cin sabon fenti daga ƙasa, don haka ana kashe kaifinta da ruwan khal da aka surka. A nan ne ake faɗawa wani kuskuren, wato kwarara ruwa. Fuskar piyano siririn ɓawon katako ne, wanda kaurinsa sau da yawa bai kai milimita 1 ba, kuma a tsofaffin piyano an manna shi da gam ɗin fatar dabba, wanda ruwa ke narkarwa. Ruwa na shiga ta gefe, ɓawon zai kumbura ya ɗaga, gyaransa kuma ya fi aikin fentin wahala. Tsumma mai ɗan danshi ya wadatar, a bi bayansa nan take da busasshe, sannan a bar katakon ya kwana.

Akwai kuma silikon, wani sinadari mai santsi da ke cikin man ƙyalli, wanda shekarun fesa man ke tarawa. Alamarsa ita ce sabon banish ya riƙa janyewa yana barin ƙananan ramuka zagayayyu. Wanki ɗaya ba ya fitar da shi. Sai an maimaita, sannan a rufe katakon da siririn shafin shelak (wani irin ƙaro da ake shafa wa katako) marar kaki kafin banish. Soson ƙarfe ma yana da illarsa, domin gutsattsarinsa kan yi tsatsa a ƙarƙashin fentin da ake surkawa da ruwa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yin wannan aiki ba tare da an kwance kayan ba. Murfi, ƙafafu da allunan gaba duk suna fita, kuma ya kamata a wanke su nesa da cikin piyano. Tina tana narkar da robar da ke kan madannai farare 52, ruwa kuma yana ɓamɓare na hauren giwa. Ɗigon sinadari a kan wayoyin da aka naɗe da jan ƙarfe yana dusashe amonsu, idan kuma maiƙo ya sauka cikin katakon da ke riƙe da kusoshin ɗaure wayoyi, kusoshin za su saki, piyanon ta daina riƙe sautin da aka daidaita mata.

Kafin a fesa wa duka, a gwada banish ɗin a ƙasan murfi, a bar shi kwana guda. Idan ya bushe sumul ba rami, kuma farce bai ɓamɓare shi ba, sai a ci gaba. Idan ya yi danƙo, a koma ga tina da sabon tsumma.