Ina RNA yake zaune a ƙwayar halittar dabba? Kurakuran da na gaji da gyarawa

Duk ɗalibin da aka turo mana ɗakin gwaje-gwaje don koyon aiki, tambaya ɗaya nake fara yi masa kafin in bar shi ya taɓa gilashi: ina RNA yake a cikin ƙwayar halittar dabba? Amsar ba ta canzawa, suna rera ta kamar karatun allo: DNA yana cikin nukiliyas, RNA yana cikin saitofilazim. (DNA shi ne ma'ajiyar bayanan gado, RNA kuma daga jikinsa ake kwafo shi; nukiliyas shi ne ɗan ɗakin da ke cikin ƙwaya, saitofilazim kuma abin da ke kewaye da shi.) Wannan haddar ita ce uwar kusan duk kurakuran da nake gani.

Akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, ba na musu. In ka tattara dukkan RNA na ƙwaya ɗaya ka auna, kusan kashi 80 cikin 100 na ribozom ne, wato rRNA, kuma ribozom a saitofilazim yake aikinsa na haɗa furotin. Bayansa sai tRNA, mai kai wa ribozom kayan haɗa furotin. Shi kuwa mRNA da kowa ya fi sanin sunansa, wato saƙon da ribozom ke karantawa ya haɗa furotin, bai cika wuce kashi 5 ba. To amma a ina aka haife su? A cikin nukiliyas, domin can DNA ɗin da ake kwafo su yake. Wanda ya ce babu RNA a nukiliyas kamar ya ce babu tukwane a gidan maginin tukwane ne, don kawai a kasuwa ya saba ganinsu. Ɗan dunƙulen nan mai duhu da ake gani a cikin nukiliyas, wato nukiliyolas, maƙera ce ta ribozom. A nan ake fitar da doguwar sarƙa guda, a yanka ta zuwa guntayen rRNA uku masu suna 18S da 5.8S da 28S. Shi na huɗunsu, 5S, a wajen nukiliyolas ake yinsa, daga baya ya zo ya haɗu da 'yan'uwansa. Wasu kuma a nukiliyas suke aikinsu dungurungum, kamar ƙananan RNA ɗin nan U1, U2, U4, U5 da U6 da ke datse sassan da ba a buƙata daga jikin sabon mRNA, da kuma XIST da ke lulluɓe ɗaya daga cikin kuromozom X biyu na mace ya rufe masa baki.

Maganina ga wannan ba bayani ba ne, rini ne. Ina sa ɗalibi ya rina yankin nama da metil girin da faironin. DNA ya fito kore, RNA ya fito ja. Da ya leƙa madubin duba ƙananan halittu ya ga ɗigon ja zaune a tsakiyar koren nukiliyas, magana ta ƙare. Da irin wannan rinin ne Jan Birashe na Beljiyam ya nuna, wajen 1940, cewa ƙwayoyin dabba masu yawan ƙera furotin cike suke da RNA, bayan an daɗe ana ɗaukarsa kayan yis da tsirrai. Dabararsa ita ce ya zuba sinadarin da ke narkar da RNA, ya sake rinawa, sai jan ya ɓace.

Yanzu ga wanda har yau in na tuna shi raina yake ɓaci. Ɗalibai suna cewa jajayen ƙwayoyin jini ba su da nukiliyas, saboda haka ba su da RNA, shi ke nan a wuce. Balagaggiyar ƙwaya, e, ta zubar da nukiliyas da ribozom da mitokondiriya, wato sashen da ke samar wa ƙwaya kuzari. Amma wadda ta fito daga ɓargo jiya ko shekaran jiya fa? Tana nan ɗauke da ragowar ribozom ɗinta na kwana ɗaya ko biyu kafin ta ƙarasa nuna. Ita ake kira retikulosait, mu a wurin aiki retik kawai muke cewa. Da wannan ragowar RNA ɗin ake gane ko ɓargo yana aiki ko ya tsaya.

A farkon aikina aka kawo jinin wani yaro mai sikila, ya ɗashe ƙwarai, likita yana son ƙidayar retik. Hannuna ya saba da hanyar gwajin maleriya: a shimfiɗa jini a gilashi, a busar, a kafe da metanol, sannan a rina. Haka na yi. Na kafe jinin tukuna, sannan na zuba shuɗin rinin retik. Na duba fili bayan fili, ban ga komai ba, na rubuta adadi kusa da sifili. Ga mai sikila wannan ba ƙaramar magana ba ce. Jininsa kullum cikin fashewa yake, ɓargo kullum cikin maye gurbi, don haka retik ɗinsa yakan zarce na mai lafiya nesa ba kusa ba, shi mai lafiya bai cika wuce kashi 2 ba. In aka ga ya faɗi ƙasa, fassararsa ita ce ɓargo ya daina aiki, kuma abin gaggawa ne. Hankalin iyaye ya tashi, aka shiga neman jini, uwar tana zaune a baranda tana kuka. Wata babbar ma'aikaciya ce ta karɓi gilashina, ta tambaye ni yadda na yi, ta sake gwajin a gabana ba tare da ta ɗaga murya ba. Retik ga su nan birjik. Yaron yana da matsalarsa, amma ba wadda na rubuta masa ba.

Ku saurara da kyau, domin har yanzu ina kama masu yin wannan. Wannan rinin a jikin ƙwaya mai rai yake aiki. Shi ne yake shiga ya dunƙule RNA ɗin ya mai da shi zare-zare da ɗige-ɗige masu shuɗi. Ka kashe ƙwayar da metanol, ka hana shi dunƙulewa, ba za ka ga zaren ba. Ni dai ɗigo biyu na jini nake haɗawa da ɗigo biyu na rini a ƙaramar kwalba, in ajiye a ɗumin digiri 37 na minti 15 zuwa 20, in girgiza a hankali, sannan in shimfiɗa. Ba na kafewa. Wasu suna barinsa a ɗumin ɗaki, ni ban yarda ba, musamman da sanyin hunturu. Kuma duk sakamakon mai sikila da ya fito ƙasa, sai na sake shi da sabon rini kafin in sa hannu. Wanda ya ga wannan ɓata lokaci ne, kada ya zo bencina. Ba haddar jarrabawa ake yi a nan ba, ɗan wani ne yake kwance.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin maki. Ana mance mitokondiriya: tana da nata DNA, a jikin mutum tsawonsa haruffan DNA 16,569 ne, kuma a cikinta ake kwafo rRNA 2 da tRNA 22 da saƙon furotin 13, da nata ribozom daban. Wasu sukan rubuta kuloroplas, wanda na tsirrai ne, a jerin amsa, alhali an ce ƙwayar dabba. Wasu sukan ɗauka duk jajayen ƙwayoyin jini ba su da nukiliyas. Na masu shayarwa ne haka, ɗebi jinin kaza ka duba. Kuma ba duk ribozom ne yake yawo a sake ba, da yawa suna manne a jikin tantanin nan mai kaushi da ke kewaye da nukiliyas, shi ya sa ƙwayoyin jijiya suke nuna dunƙule-dunƙulen da ake kira da sunan Nisil.

Kada kuma a zaci mRNA watse yake kamar gero a faifai. Ana kai shi inda ake buƙatarsa. A ƙwan ƙudan 'ya'yan itace, saƙon mRNA da ake kira bikoid a gefe ɗaya ake tara shi, kuma nan ne kai zai fito. A ƙwayar jijiya ana jigilar wasu saƙonni har can cikin rassa, a ƙera furotin a wurin.

Wannan rashin sanin mazauni ya fita daga aji ya shiga gari lokacin rigakafin korona, inda na ji har masu karatun lafiya suna cewa allurar mRNA za ta sauya DNA na mutum. Saƙon da ke cikin allurar a saitofilazim yake tsayawa, ribozom ya karanta shi, cikin 'yan kwanaki ƙwaya ta narkar da shi. Tsakaninsa da DNA akwai bangon nukiliyas mai ruɓi biyu, ƙofofinsa kuma ba sa barin babban kaya ya wuce sai da alamar izini, wadda wannan saƙon ba ya ɗauke da ita.